Kundin aiki: koyon riƙe .300 Magnum daga yadi 100 zuwa 1,000

Asabar, 7 ga Satumba 2024

Abin da nake nema guda ɗaya ne: in kwanta rub da ciki, in harbi farantin ƙarfe a nisan yadi 1,000, wato mita 914, in ga inda harsashina ya sauka ta cikin madubin bindigar da idona, ba sai wani ya faɗa mini ba. Wanda bai ga saukar harsashinsa na farko ba, ba shi da abin da zai gyara a na biyu.

Bindigar doguwa ce, ba sabuwa ba, na saye ta a shago mai lasisi, aka cike takarda aka binciki sunana kamar yadda dokar Amurka ta tanada. Mai sakata ce, tana cin .300 Winchester Magnum, harsashin da ya fito a 1963, wanda kwansonsa ya samo asali daga .375 H&H na Ingila na 1912. Don farauta aka ƙera ta, a rataya a hau dutse, shi ya sa ba ta da nauyi: kilo 4.3 har da madubi. Filin da nake zuwa na wata ƙungiya ne a yamma da San Antonio, jihar Texas, kuma ba sa barin sabon mamba ya wuce yadi 300 sai ya nuna yana iya tara harsashinsa wuri ɗaya a yadi 100.

Yau ban tara komai ba. Harbin farko ya sauka kusa da tsakiya, sauran suka watsu, mafi yawa ƙasa ta hannun dama. Kowane harbi sai ka ji kamar an sauke maka taɓarya a kafaɗa, bakin bindigar ya yi sama ya karkata hagu, madubi ya yi baƙi. Kafin in sake nemo takardar da nake harbi an daɗe da gamawa. Sau ɗaya bakin madubin ya shafi girata, bai fasa ba, amma na ji ɗuminsa. Da daddare jini ya kwanta a kafaɗar, faɗin tafin hannu.

Kwalin harsashi mai guda 20: dala 62.

Talata, 10 ga Satumba

Na zauna da biro don in san girman abin da ke duka na. Nauyin kan harsashin giren 200 ne, wato giram 13, yana fita da gudun kusan mita 870 a daƙiƙa. Bayansa akwai albarushi kusan giram 5, wanda ke zama iska mai zafi ya fita da gudun da ya fi na harsashin. Duk abin da aka tura gaba, daidai shi ake turo bindigar baya. Da na haɗa, bindiga mai kilo 4.3 tana dawowa da gudun mita 4 da ɗoriya a daƙiƙa, da ƙarfin kusan jul 39 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne). Bindigar .308 mai irin wannan nauyi rabin haka take kawowa.

Abu biyu na tsinta a lissafin. Na farko, fiye da kashi ɗaya cikin uku na bugun ba daga harsashi yake ba, daga iskar albarushi ne, kuma ita ana iya juya mata hanya. Na biyu, idan aka ninka nauyin bindiga, ƙarfin bugun ya ragu da rabi. Ba wata dabara a ciki, lissafi ne kawai.

Akwai na uku da ya fi damuna. Harsashi yana barin bututu cikin ƙasa da kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci bindigar milimita 2 kacal take matsawa baya. Duk tsallen da zafin bayan harsashi ya tafi suke zuwa. To me ya watsa mini harbi ranar Asabar?

Asabar, 14 ga Satumba

Ɗan yayata ya raka ni, ya ɗauki bidiyo da wayarsa daga gefe, irin wanda ake rage wa gudu. Muna cikin mota ya miƙo mini.

"Kawu, duba nan. Ai ido a rufe yake tun ba ta tashi ba."

Haka yake. Ido ya runtse, haƙora sun cije, kafaɗa ta yi gaba don ta tari bugun, sannan wuta ta fito. Jiki ya haddace zafin makon jiya, yana kare kansa ba tare da ya nemi izinina ba. Turawar kafaɗar da fizgar kunamar su ke kai harsashi ƙasa ta dama ga mai harbi da hannun dama.

Dattijon da ke kula da layin harbi ya ba mu harsasan bogi, masu siffar na gaske amma babu albarushi. Ya ce in juya baya, yaron ya cika mini ma'ajin harsashi yana gaurayawa, kada in san wanne ne wanne. Duk lokacin da kunama ta faɗa kan na bogi, shiru za a ji, sai ka ga bakin bindiga ya yi sujada shi kaɗai. Yaron dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa a nan na ga girman aikin: idan gindin bindiga ya goce milimita ɗaya kafin harsashi ya fita, a yadi 1,000 an yi kuskuren kusan mita guda.

Dattijon ya ce da shi ne ni, da ya ajiye ta ya sayi 6.5 Creedmoor, wadda bugunta bai kai wannan ba, ya koyi harbi tukuna. Yana da gaskiya. Masu gasar harbin nesa a nan yawancinsu ƙananan harsasai masu milimita 6 suke harbawa, a bindigogin da suka kai kilo 9 ko 10, don kawai su riƙa ganin saukar harsashi. Amma wannan ce nake da ita, kuma ina da niyyar farautar babbar dabba wata rana.

16 zuwa 20 ga Satumba

Danna kunama ba harsashi, a falo, bayan sallar isha'i, minti goma sha biyar kullum. Harsasai a kulle a wani ɗaki, ina duba cikin bindigar da ido da yatsa kafin in fara. Na manna ɗan ɗigo a bango. Sharaɗin: kunama ta faɗi, giciyen madubi yana kan ɗigon, ido a buɗe, yatsa ya riƙe kunamar a baya har in ƙirga biyu.

Asabar, 21 ga Satumba

Yau kwanciya aka gyara mini, kuma ina ganin ita ce rana mafi amfani tun da na fara.

Da can a karkace nake kwanciya, ƙafafu sun tafi hagu, gindin bindiga a can ƙarshen kafaɗa inda hannu ya haɗu da ita. Dattijon ya zo ya tsaya a bayana ya ce bugun yana neman abin da zai tare shi, ni kuma gefen jiki na ba shi, dole ya juya ni. Ya sa na tashi, na ajiye bindigar tana fuskantar takarda, na tsaya a bayanta daidai, sannan na durƙusa na kwanta ba tare da na karkata ba. Kashin baya ya yi layi ɗaya da bututu. Kafaɗu biyu a daidaice. Tafin ƙafa a shimfiɗe, dugadugai a ƙasa. Gindin bindigar ya matso ciki, kusa da gindin wuya, a kan ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, har kai ba ya buƙatar lanƙwasawa don ido ya sami madubi.

Sai ƙafafun bindigar guda biyu na gaba. Ba a barinsu a sake. Ana ɗaga ƙirji kaɗan, a manna gindin a kafaɗa, a sauko da nauyin jiki gaba har sassaucin da ke ƙafafun ya ƙare, a tsaya nan. Ba turawa da tsoka ba, nauyi ne ake jinginawa. Hannun dama yana jawo bindigar baya da yatsu uku na ƙasa, ja mai ɗan ƙarfi amma iri ɗaya kullum. Hannun hagu yana matse jakar yashi a ƙarƙashin gindin, da ita ake ɗaga saiti ko a sauke shi. A saki numfashi, a ɗan tsayawar da ke tsakanin fita da shiga a danna.

Zafin bai ragu sosai ba, amma ya sauya hanya. Maimakon ya tsaya a kafaɗa, sai ya ratsa jiki har ƙugu. Bindigar ta daina zuwa hagu, sama kawai take yi ta dawo kusa da inda take.

Wani abu da na lura da shi da kaina: a kan daɓen siminti ƙafafun suna zamewa su yi tsalle. Da na matsa kan ƙasa, suka kafe. Zan nemi tabarma mai ɗamara a gaba inda ake saƙala su.

Na tsaya tun kafaɗa ba ta fara kuka ba. Da wannan bindiga, harbi kaɗan mai kyau ya fi cinye kwali, domin daga inda zafi ya fara, zabura kake koya wa jikinka da kuɗinka.

Asabar, 28 ga Satumba

Ba harbi. Na kai ta wurin maƙerin bindiga ya yanka zare a bakin bututu don ɗaura birki, wato ƙarfen da ke rage bugun bindiga.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na karɓo. Yankan zare dala 130, birkin baki dala 165. Na kuma sami ƙota, wato jikin da bututun ke zama a kai, ba sabuwa ba, ta alminiyom, mai matashin kunci da ake ɗagawa, dala 420, da ƙarafan ƙara nauyi guda biyu, dala 70. A ma'auni yanzu kilo 6.4. Da lissafin kwanaki, bugun ya sauko daga jul 39 zuwa 26 tun kafin birki ya sa baki. Na jera ƙarafan har bindigar ta tsaya daidai a kan hannu ɗan gaba da ma'ajin harsashi.

Na matsar da madubi gaba, na auna a kwance ba a zaune ba, domin a kwance kai ya fi kusantarsa. Tazarar ido da gilashi santimita 9 da wani abu.

Uwargida ta ga rasit, ta ce, "Malam, wannan ƙarfen dai ya fi mu cin cefane." Ban ce komai ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Birkin ɗan guntun ƙarfe ne mai tagogi uku a kowane gefe. Iskar da ke bin harsashi tana karo da bangon tagogin, ta ja bindigar gaba, ta fita ta gefe tana ɗan komawa baya. A kafaɗa kam ya yi aiki: naushin ya koma turi, ya yi kusa da na .308.

Sai dai abin da ya cire daga kafaɗa a fuska ya zuba shi. Ƙarar irin wannan bindiga ta wuce desibel 160 a ma'aunin ƙara, alhali daga 140 kunne ke fara lalacewa ko da sau ɗaya ne, kuma birki yana maido da ita wajen mai harbi. Marufin kunne kaɗai na sa. A ƙarƙashin rumfar kwano, kowane harbi ina jin iska ta mare ni a hanci da goshi, ga ƙura tana tashi ta gefe biyu. Wanda ke kusa da ni ya tattara kayansa ya koma can ƙarshen layi, bai ce uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin azahar kaina ya fara sarawa, kunnen hagu yana ɗan kuwwa har magariba.

Abin takaicin, zaburar ta dawo. Na sa yaron ya gauraya mini na bogi, bakin bindiga ya sake dukawa, ko da yake bai kai na da ba. Ashe ba zafi kaɗai jiki yake gudu ba, ƙara ma tana sa shi runtse ido. Wanda ya ce birki zai warkar da zabura rabin magana ya faɗa.

Daga yau: toshin soso a cikin kunne, marufi a kai, baki a rufe, gilashin ido, kuma in kwanta a inda bakin bindigar ya fita daga ƙarƙashin rumfa. Na yi tunanin salansa, wadda ke rage ƙara da bugu duka biyun, amma tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, sai an yi rijista an jira amincewa, kuma da kuɗinta da harajin da ake biya a kanta a 2024 sun haura abin da na kashe a watan nan duka. Sai wata shekarar.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ranar ɓacin rai. Kunne a toshe ninki biyu, jiki a sake, na bogi ba ya nuna komai, amma harbi yana yawo. A yadi 100 uku za su taru, sai na gaba ya sauka inci biyu sama, na bayansa ya koma wani wuri. Na zargi zafin bututu, na jira ya huce har ina iya riƙe shi da hannu. Bai sauya ba. Na zargi jakar yashi, na zargi kwanciya, na tashi na sake kwantawa. Na buɗe sabon kwali ko harsasan ne. Kwali da rabi suka tafi a banza.

Ina shirin naɗe tabarma na ga wani siririn layi mai sheƙi a jikin madubin, dab da zoben da ke riƙe shi. Fenti ya goge. Madubin zamewa yake yi a cikin zobba, gaba yake tafiya. Dalilin a fili yake: bindiga tana fizgar baya farat ɗaya, madubi mai nauyin kusan kilo guda yana son ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar shi ne ya matsa gaba. Birki kuma yana ƙara masa wani fizgi ta ɗaya ɓangaren. Zobban da suka zo da bindigar sirara ne, noti bibbiyu, sun isa ga ƙaramin madubin farauta, ba su isa ga wannan ba. Har ya ɗan murɗa ma, giciyen ya karkata kaɗan.

Na so a ce tun da safe na duba ƙarfe kafin in tuhumi jikina, da harsasan dala casa'in suna nan.

Talata, 22 ga Oktoba

Zobba masu faɗi, noti shida-shida, dala 140. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri, dala 60. Na goge mai daga jikin madubi da cikin zobba, na ɗaure daidai da abin da takardarsu ta ce. Na ɗiga farin fenti a mahaɗar zobe da madubi, da kan kowane noti, don in gane idan wani abu ya motsa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Fili cike da mafarauta masu daidaita saiti, saura mako guda a buɗe farautar barewa. Na yi sammako. A yadi 100 biyar suka taru cikin inci ɗaya, dattijon ya sa hannu a katina, aka ba ni izinin layin nesa.

Yadi 600. Na fara da madubi a ƙurewar girmansa, ninki 25, kuma kowane harbi farantin ɓacewa yake yi. Wani mai harba .338 Lapua a gefena, bindiga mai kusan kilo 8, ya leƙo ya ce in rage zuwa 12 ko 14. Da ninki ya yi yawa, filin da ido ke gani ƙanƙancewa yake yi, ɗan tsalle kaɗan ya fitar da kai. Na rage. Harbi na gaba bindigar ta turo ni, ta dawo, farantin yana gefen madubi, sai ga farar ƙura ta tashi a ƙasansa ta hagu. Na gani da idona. Na matsar da saiti daidai abin da na gani, na biyu ya bar tabo mai toka-toka a jikin fenti.

Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kawalwalniya ta taso, farantin ya fara rawa, na haƙura.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An buɗe farauta, kowa ya shiga daji, fili ya zama namu. Safiya da sanyi-sanyi, iska ba ta da ƙarfi.

Yadi 1,000. Kowane ƙas ɗaya da na murɗa maɓallin saiti a kan madubina yana matsar da harsashi santimita 1 a mita 100, kuma sai da na murɗa 79 sama, domin a wannan nisa harsashin yana faɗuwa fiye da mita 7. Yana shafe kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya. Wannan jinkiri alheri ne: ya isa bindiga ta gama tsallenta ta dawo kafin ya sauka, muddin jiki a miƙe yake kuma ba ka ɗaga kai ba. Ƙarar farantin kuwa sai ta ƙara kusan daƙiƙa uku kafin ta iso kunne. Za ka ga farantin ya girgiza, ka ja sakata, kwanso ya faɗi a tabarma, sannan ka ji "ƙwal" daga nesa.

Na ga saukar mafi yawansu, wasu a faranti, wasu a ƙasa. Waɗanda ban gani ba duk iri ɗaya ne: bindigar ta koma hagu, kuma da na duba sai in tarar ƙuguna ya zame hagu bayan 'yan harbe-harbe. Bugun yana ture ni kaɗan-kaɗan ba na ji. Yanzu inda giciyen ya tsaya bayan harbi shi nake karantawa. Idan hagu ya tafi, jiki ya karkace. Idan sama ya tsaya, gindin ya nutse a jakar yashi ko ya zame ƙasa a kafaɗa.

Akwai kuma bambancin sama da ƙasa, kusan rabin mita, tsakanin harbin da na jingina nauyi sosai da wanda na sassauta. Wannan ne aikin waccan milimita 2 ɗin. Birki ba shi da iko a kanta, tunda sai harsashi ya fita yake fara aiki. Nauyin bindiga da riƙo iri ɗaya ne kaɗai ke mallakarta.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Iska daga kudu, tana tashi tana kwanciya. Mai gudun mil 10 a awa tana ture harsashin fiye da mita ɗaya da rabi a yadi 1,000. Kuskure da yawa, amma ina ganinsu. Fentin noti bai motsa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Lissafin kuɗi zuwa yau, ban da farashin bindiga da madubi: gyare-gyare da kayan aiki dala 985, tabarma da jakar yashi da toshin kunne kusan dala 120, harsasai sun haura dala 600. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a cikinsu, ƙotar da ƙarafanta zan ɗauka kafin birki. Harsasan bogi kuwa aro ne, sisi ban kashe ba.

Bututun irin wannan harsashi ba ya daɗewa, wutar albarushi tana cin maƙogwaronsa, don haka na buɗe shafi ina rubuta kowane harbi. Na kuma yi magana da wani mamba zai ba ni aron ƙaramar .22 in riƙa fara safiya da ita kafin in taɓa babbar.

Abin da ya rage zuwa ƙarshen Disamba: gyara zamewar ƙugu, in gwada kafa yatsun ƙafa a ƙasa kafin in jingina, auna gudun harsashi da na'ura, don in raba abin da yake laifin riƙona da wanda yake bambancin harsasai, sannan harbi daga durƙuso a kan sanda mai ƙafa uku, inda babu ƙasa da za ta shanye mini bugun. Bindiga mai kilo 6.4 ba ta hawa dutse, saboda haka kafin a yi maganar farauta sai na cire ƙarafan na ga ko jiki zai riƙe abin da ya koya. Zan fara da cire ɗaya, a yadi 300, da na bogi a gauraye.